In Aka Kira Ka Aka Ce Daga Banki Ne: Yadda Za Ka Tsare Kuɗinka da Sunanka

A da, manomin shinkafa a fadamar Argungu ko Suru in ya sayar da abin da ya noma, da kuɗinsa a aljihu yake komawa gida. Yanzu alat yake jira. Abu biyu suka kai jama'ar Kebbi banki: shirin bashin manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, wanda ya sa manoma da yawa suka yi BVN suka buɗe asusu, sai kuma ƙarancin takardar kuɗi a farkon 2023 bayan sauya fasalin naira, lokacin da har mai shayi da mai ƙosai suka koma karɓar taransifa. An buɗe mana asusu, an miƙo mana kati, amma ba a zaunar da mu an koya mana wace lamba ake faɗa, wacce kuma ba a faɗa ko da wasa ba. A wannan giɓin masu kiran waya suke cin kasuwarsu.

Mai kiran nan, da zai iya kwashe kuɗinka ba tare da kai ba, ba zai ɓata katin wayarsa ya kira ka ba. Ya san hanyar rumbu, amma makullin na hannunka, kuma duk daɗin bakin da zai yi don ka miƙa masa ne.

Yadda kiran yake tafiya

Ba da tsawa suke farawa ba. Murya ce mai ladabi, wani lokaci mace, sau da yawa da Hausa garau.

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe. Da Alhaji wane nake magana? Daga babban ofishin bankinka ne. Ranar haihuwarka kaza ga watan kaza, haka ne?"

Haka ne kuwa, sai zuciya ta kwanta.

"To Alhaji, BVN ɗinka bai haɗu da NIN ɗinka ba, kuma Babban Banki ya ce a rufe irin waɗannan asusun ƙarfe huɗu na yau. Na ga kai tsohon kwastoma ne, shi ya sa na ce bari in taimaka maka daga nan. Don Allah kada ka faɗa min lambar sirrinka, mu ba ma tambayar wannan. Karanto min lambobin gaban katinka kawai. Yauwa. Yanzu saƙo zai shigo, lambobi shida ne, karanto min da sauri kafin su mutu."

Da kansa ya hana ka faɗin lambar sirri don ka ce lallai wannan ma'aikaci ne na gaskiya. Alhali yana magana da kai, hannunsa na kan wata waya yana shigar da lambobin katinka a shagon intanet, ko yana ɗora manhajar bankinka a kan wayarsa. Bankin na gaskiya ya ga baƙon abu, sai ya turo maka lambobi shidan nan, wato OTP, don ya tabbatar kai ne. Da ka karanta masa, ka sa hannu da kanka. Har a cikin saƙon bankuna kan rubuta kada a faɗa wa kowa, amma da Turanci ne, ga mutum kuma yana azalzalarka.

Dalilan da suke kawowa suna sauyawa da labarin da ake yayi. Maganar haɗa BVN da NIN tana da tushe, don a watan Disamba 2023 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su tabbatar kowane asusu yana da su, kuma an sanar a rediyo, shi ya sa ƙaryar take shiga. Wani zai ce katinka ya daina aiki. Wani zai ce sunanka ya fito a tallafin gwamnati ko rabon taki. Mafi muni shi ne wanda zai ce yanzu haka wani yana cire kuɗi daga asusunka a Legas, ka ba shi lamba ya tsayar. Tsoro da gaggawa su ne jarinsa.

Ina ya samo sunanka? Wannan tambayar ce take kayar da mutane, kuma amsarta ba ta da wuya. Duk wanda ya sa lambar asusunka a manhajar tura kuɗi, cikakken sunanka zai fito masa. A OPay da PalmPay lambar wayarka ce lambar asusunka, sifirin farko kawai ake cirewa. Ranar haihuwa tana Facebook. Ga takardar POS da ake yarwa a ƙasa, ga kwafin NIN da ya lalace aka jefa kwandon shara a shagon fotokwafi, ga fom ɗin tallafi da aka bi unguwa ana cikewa ba a san wanda ya aiko ba, ga masu zuba lambar asusu a ƙarƙashin rubutun wani da ya ce zai raba kuɗi. Sanin sunanka ba shaida ba ne a kan komai.

Mataki na farko: rarrabe lambobinka

Kashi uku ne. Lambar asusu, mai lamba 10, ita ake ba mai turo kuɗi, ba laifi. BVN da NIN, kowanne lamba 11, ana bayar da su a cikin banki ido da ido, ko a manhajar da kai da kanka ka sauke ka buɗe. Ba a karanta su a waya ga wanda ya kira ka. In ka manta BVN ɗinka, danna *565*0# a layin da ka yi rajista da shi. NIN kuma *346#.

Kashi na uku ba mai jin su, ko manajan banki ne, ko ɗan sanda, ko wanda ya ce daga Babban Banki yake: lambar sirri ta kati, dogayen lambobin gaban kati da watan da zai daina aiki, lambobi uku na bayansa, lambar sirrin tura kuɗi, kalmar shiga manhaja, da duk wata lamba da ta shigo ta saƙo. Mutane da yawa suna ɗauka in ba su faɗi lambar sirri mai huɗu ba sun tsira. Ba haka ba ne. Da lambobin gaba da na baya da OTP ana sayayya a intanet ba tare da ita ba.

Mataki na biyu: katse kiran

Nan ne wahalar take a wurinmu. An rene mu da kunya da kara. Mutum ya yi maka sallama, ya tambayi iyali, ya ce ranka ya daɗe, sai ka ji nauyin kashe masa waya. Dattijo ma ya fi jin wannan nauyin, mace kuma ga tsoron kada a ce ta yi wa ma'aikaci rashin kunya har a rufe mata asusu. 'Yan damfara sun san halinmu sarai, da shi suke aiki.

Ba ka yi wa kowa laifi ba in ka katse. Ce masa, "Na ji, zan je banki da kaina," ka kashe. Kada ka tsaya gardama, kada ka ce bari ka gwada shi da tambayoyi, don sana'arsa ce kuma ya fi ka amsa. Kada ma ka gyara masa kuskure. Wata dabararsu ce su karanto ranar haihuwa ko BVN da gangan ba daidai ba, kai kuma ka yi saurin cewa "a'a, ba haka ba ne, kaza ne." In ya sake kira, kada ka ɗaga. Babu bankin da zai rufe asusu don mai shi ya ƙi magana a waya.

Wani zai ce ai banki ma yakan kira. Yakan kira, gaskiya ne, ya ce katinka ya iso, ko ya tambaya ko kai ka rubuta cak. Amma ma'aikacin gaskiya ba zai nemi lambobin kashi na uku ba, kuma ba zai ji haushi ba in ka ce za ka kira su da kanka.

Mataki na uku: tabbatar da hannunka

Juya katinka, akwai lambar masu kula da kwastomomi a baya. Ita za ka kira, ka rubuta ta kuma a takarda tun yau, don ranar da kati ya ɓace ba za ka gan ta ba. Kada ka kira lambar da mai kiran ya ba ka. Kada ka nemi lambar banki a Facebook ko WhatsApp, shafukan bogi masu tambarin banki sun yi yawa. Sunan da Truecaller ya nuna ma ba hujja ba ne, mutane ne suke sa shi, kuma akwai hanyar da ake sa kira ko saƙo ya fito da sunan banki.

Na san ba kowa ke kusa da reshe ba. Mutumin ƙauyen Bagudo ko Dandi ko Danko-Wasagu, zuwa banki yini ne guda da kuɗin mota, wani wurin ma ga fargabar hanya. Mai kiran ya san haka, shi ya sa yake cewa zai hutar da kai. Amma ko da gaske an rufe asusu, kuɗinka suna ciki, ranar da ka je za a buɗe. Wanda aka kwashe kuwa, dawo da shi sai an sha wuya.

Kada ka danna lambobin da wani ya karanto maka. Akwai masu farawa da *21* ko **21*, aikinsu karkatar da kiranka zuwa wata waya, kuma da wannan ake ƙwace WhatsApp a shiga roƙon 'yan'uwanka kuɗi da sunanka. In kana shakka, danna ##002#, zai soke duk wata karkatarwa. Haka kuma duk adireshin intanet da aka turo aka ce ka shiga ka sabunta bayananka, share shi.

Mataki na huɗu: kulle layinka

Yawancinmu da lambobin dannawa muke hulɗa da banki, irin su *894# ko *919# ko *737#, kuma duk a kan sim suke. Ɓarawon waya a tashar mota ko a cunkoson kasuwar Jega bai damu da kullen fuskar wayarka ba. Zai zare sim ɗin ya sa a ƙaramar waya, ya danna *565*0#, BVN ɗinka ya fito. Daga nan ya bi tsofaffin saƙonnin alat ya gano bankinka, ya nemi canza lambar sirri, ya sayi katin waya, ya ci bashi.

Maganin wannan minti biyu ne: sa wa sim ɗin kansa lambar sirri. Yana cikin saitin tsaro na waya, ko ƙarama ce. Da an cire shi an sa a wata waya, ba zai buɗe ba sai da lambar. Sai dai a kula, in aka yi kuskure sau uku sim zai kulle sai an kawo lambar PUK da ke jikin katin da ya zo da shi. In ba ka san lambar farko ta kamfaninka ba, kira 300 ka tambaya, kada ka yi ta gwaji. Mai kai waya shagon caji kuma ya kashe ta kafin ya miƙa, ko ya zare sim ɗin banki ya tafi da shi.

Akwai kuma masu zuwa su yi wa layin mutum walkam bak da bayanansa, wato su karɓi sabon sim mai lambarsa, sim ɗin hannunsa ya mutu, nasu ya tashi, duk OTP ya koma wurinsu. Mu a nan mun saba da ɗaukewar sabis, maƙwabtanmu na Zamfara ma an rufe musu shi gaba ɗaya a watan Satumba 2021, saboda haka ba ma ɗaukar abin da zafi. Ga yadda za ka gane: tambayi na kusa da kai mai layin kamfani ɗaya. In nasa yana aiki naka babu, ka kashe ka kunna bai dawo ba, fara rufe asusunka, sannan ka nufi ofishin kamfanin layi.

Tsohon layin da ka daina amfani da shi, in ya daɗe kamfani yana sayar wa wani. In shi ne a kan asusunka, alat ɗinka na zuwa wa baƙo. Je banki ka cike fom a canza lambar a asusun da kuma kan BVN.

In ka riga ka faɗa

Kada ka tsaya salati da zargin kanka, za ka yi daga baya. Yanzu mintoci ne suke aiki, don kuɗin sata ba ya zama wuri ɗaya, rarraba shi ake yi zuwa wasu asusun a cire a POS.

Fara rufe asusun. Bankuna da yawa suna da lambar gaggawa da ake dannawa daga kowace waya, ko ta maƙwabci: First Bank *894*911#, Access *901*911#, Zenith *966*911#. Tambayi ta bankinka tun kafin buƙata ta taso, ka rubuta kusa da lambar bayan kati. Sannan kira bankin ka ce damfara ce, su toshe kati da manhaja, su tuntuɓi bankin da kuɗin suka shiga ya riƙe su. Nemi lambar ƙorafi ka rubuta, ba ita ba shaida.

Washegari da safe ka je reshe da takarda a rubuce: ranar, lokacin, lambar da ta kira, adadin kuɗin, sunan asusun da aka tura. A buga maka hatimi a kwafinka. Kada ka goge saƙo ko ɗaya. Kai rahoto ofishin 'yan sanda ka karɓi takardar shaida, don sau da yawa bankin da ya riƙe kuɗin ba zai sake su ba sai da umarnin kotu. Ofishin EFCC na shiyyar Sakkwato shi ke kula da Kebbi da Zamfara. In mako biyu suka wuce banki bai yi komai a kan ƙorafinka ba, ƙa'idar Babban Banki ta ba ka damar kai ƙara sashensa na kare kwastomomi, a cpd@cbn.gov.ng ko ta reshensa na Birnin Kebbi. Abin da ya shafi layi kuma, in kamfani ya ƙi saurarenka, kira hukumar sadarwa ta NCC a 622, kyauta ne.

Ba zan ɓoye ba, in kai ka karanta OTP da bakinka, banki yakan ce laifinka ne, kuma ba kullum kuɗi ke dawowa ba. Wanda ya yi sauri ne yake da rabo. Ka kuma shirya wa kira na biyu: bayan kwana kaɗan wani zai ce daga EFCC yake, an kama ɓarayin, ka turo kuɗin buɗe fayil. Su ne dai suka dawo.

Abin da ya fi ci min rai shi ne shirun da ake yi. Babban ɗan kasuwar albasa a Aliero ko malamin makaranta, an yashe shi, ya haɗiye don kada a ce an yi masa wayo. Sai lambar nan ta kira amininsa gobe. Faɗa wa mutanen gidanka da na majalisarku, ka karanta musu lambar.

Satar suna

Satar kuɗi iyakarta abin da ke cikin asusu. Wanda ya samu BVN ɗinka da NIN da hotonka da ranar haihuwa kuwa zai iya zama kai. Zai buɗe asusu a manhajojin kuɗi da sunanka ya riƙa karɓar kuɗin damfara, ko ma kuɗin fansa, wanda a yankinmu ba ƙaramar magana ba ce. Zai yi rajistar sim, zai ci bashi a manhajojin ba da rance. Ranar da aka bi sawu, sunanka za a gani, ƙofarka za a buga. Masu bashin su kira surukanka su ce kai macuci ne. Tun watan Agusta 2020 kuma akwai tsarin Babban Banki da ya ba banki damar cire bashin da aka ƙi biya daga duk asusun da ke kan BVN ɗin wanda ya ci bashin.

Shi ya sa zan yi wa matasa magana kai tsaye. A 2025 EFCC ta yi gargaɗi a kan masu yawo suna sayen BVN da NIN a hannun mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000. Ƙanena, wanda ya ba ka dubu biyu ya ɗauki hoton fuskarka da takardar NIN ɗinka, ko ya ce ka ara masa asusu a turo masa kuɗi zai ba ka na goro, ya saye ka da arha. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri ga mai amfani da shaidar wani, kuma mai asusun da kuɗin sata suka shiga shi ake fara kamawa. Ana kuma iya sa BVN ɗinsa a jerin waɗanda bankuna ke sa wa ido.

Duk kwafin NIN da za ka bayar, rubuta a jikinsa da biro dalilin bayarwa da kwanan wata, wanda ya lalace a shago kuma karɓi abinka. Je ofishin kamfanin layinka ka tambayi layi nawa ne a kan NIN ɗinka, wanda ba naka ba a cire. Dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahoton bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin da ke ajiye shi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry. In ka ga bashin da ba ka ci ba, kada ka biya ko kobo don a bar ka ka huta, biyan kamar amsa laifi ne. Rubuta wa wanda ya ba da bashin da kamfanin rahoton cewa ba kai ba ne, ka haɗa da takardar 'yan sanda da rantsuwar kotu.

Iyaye da matan gida

Su aka fi cuta, su ne kuma ba za su karanta wannan ba, sai ka kai musu. Tsoho mai fansho yana miƙa wa mai POS kati yana faɗin lambar sirri da ƙarfi a gaban layi. Inna ta rubuta tata a takarda ta naɗe da katin. Matar gida mai sana'ar ƙuli ko taliya ta aiki yaro da kati da lamba, yaron kuma kowa ya tare shi zai nuna. Koya musu su danna da kansu su rufe da ɗaya hannun, in ba za su iya ba a tsayar da mutum ɗaya amintacce. Kada kati ya bar idon mai shi, don ana ɗaukar hoton gaba da baya cikin ƙiftawar ido, ana kuma musanya shi da mataccen kati mai kala ɗaya. A canza lambar in shekarar haihuwa ce ko 1234. In da hali a raba asusu biyu: na ajiya wanda ba kati ba lambar dannawa, da na cefane mai ɗan abin da ba zai karya mutum ba.

Kada ka cika Baba da bayanin OTP da BVN. Zauna da shi ka ce, "Baba, duk wanda ya kira ya ambaci banki, ko ya san sunanka da na kakanka, ce masa ɗana zai kira ku, ka kashe, ka kira ni." Ka sa ya maimaita. Bayan sati guda ka ari wayar da bai sani ba, ka sa abokinka ya kira shi a gabanka ya ce daga banki ne. In ya fara laluben kati, sai ku sake zama.